Kafin Doki Ya Bar Turke: Yadda Ake Ƙulla Hayar Doki a Rubuce

Idan manoman Aliero suka kwashe albasa, shinkafa ta cika kasuwar Jega, kuɗi suka shiga hannun mutane, sai bukukuwa su kankama. Mai doki a Dangamaji ko Maiyama ya san wannan lokaci sarai, don a nan ne samari ke sallama a ƙofar gidansa, wannan na neman dokin hawan angwanci, wancan na kilisar yamma, wani kuma tun yanzu yake kama na hawan sallah. Ciniki da baki ake yi, a miƙa kafin alƙalami, a kwance doki daga turke. Galibi akan dawo lafiya. Amma ran da majayi ya tsinke ango ya sha ƙasa, ko doki ya razana da hon ɗin tirela ya banke yarinya mai talla, ko aka dawo da shi yana ɗingishi, a ranar ake gane cewa kowa da abin da ya ji a wajen cinikin.

Wasu kan ba mai doki shawara ya sa a rubuta masa takarda mai layi ɗaya: duk abin da ya faru, babu ruwan mai doki. Ina goyon bayan rubutu ɗari bisa ɗari, amma irin wannan takarda yaudarar kai ce. Takarda tana iya kare mutum daga tsautsayi, wanda dama ba ya wuce ranarsa. Mummunan sakacinsa kuwa, babu alƙalin da zai yafe masa shi don an sa hannu a wata takarda, ko a kotun shari'ar Musulunci ko a ta boko. Wanda ya fahimci wannan bambanci zai san abin da ya kamata ya rubuta.

Ƙasashen da suka mai da hayar doki babbar sana'a sun riga mu cin karo da wannan rigima. A Amurka ƙararraki da tsadar inshora sun matsa wa masu makarantun koyon hawa har jihohi suka fara yi musu doka ta musamman. Jihar Washinton ta yi tata a 1989, yau kuma jihohi 48 suna da irinta, Kalifoniya da Meriland ne ba su da ita. Abin da dokokin suka ce a dunƙule shi ne doki dabba ce mai harbi da cizo da tutsu da firgita, wanda ya hau ya san da haka, don haka ba a kama mai doki da abin da ya taso daga ɗabi'ar dabba. Sai dai yawancinsu sun toshe wasu ƙofofi. Wanda ya ba da sirdi ko linzami mai aibi, ko ya ɗora ɗan koyo a kan dokin da ya fi ƙarfinsa ba tare da ya bincika iyawarsa ba, ko ya ɓoye wani haɗari da ya sani a filinsa, ko ya yi ganganci, dokar ba ta rufa masa asiri. Jihohi da dama sun wajabta a kafa allon gargaɗi inda kowa zai gani. A Luwiziyana ma, dokarsu ta soke duk sharaɗin da mutum ya gindaya tun farko don wanke kansa daga raunin da zai ji wa abokin cinikinsa.

Ingila ta fi tsanani. Tun 1977 dokarsu ta hana ɗan kasuwa fakewa da takarda idan sakacinsa ya jawo rauni ko mutuwa. Sannan ga shari'ar Mirvahedy da Henley, wadda kotun ƙolinsu ta lokacin ta yanke a 2003: dawaki sun firgita cikin dare a yankin Debon, suka karya shinge, suka fita babbar hanya, ɗaya ya yi karo da mota, direban ya ji mummunan rauni. Ba a sami masu dawakin da sakaci ba, amma aka ce su biya a ƙarƙashin dokar dabbobi ta 1971. Bayan hukuncin masu makarantun hawa sun yi ta kukan tsadar inshora.

A Najeriya babu wata dokar tarayya da aka yi wa masu dawaki su kaɗai. Abin da ya shafe mu shi ne dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 128 ya ce duk sharaɗin da ke rage alhakin mai sana'a, ko ke ɗora haɗari a wuyan abokin ciniki, sai an jawo hankalinsa gare shi a fili kafin a ƙulla. Sashe na 129 kuma ya hana sharaɗin da zai wanke mai sana'a daga asarar da mummunan sakacinsa, ko na yaransa, ya jawo. Ga kuma tsohuwar ƙa'idar da kotunan boko suka gada daga Turawa: mai dabbar gida da ya san dabbarsa na da mugun hali, in ta yi ɓarna da wannan halin, shi ke biya.

Mu kuwa a masarautar Gwandu, inda shari'ar da ta haɗa Musulmi biyu ta fi zuwa gaban alƙalin Musulunci, littattafan da ke cikin zaurukanmu sun daɗe da warware wannan. Duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya wuce ta kan babin da ya taɓo ɓarnar dabba. Asalin hukunci, kamar yadda ya tabbata a hadisi, ɓarnar da dabba ta yi da kanta ba a biyanta. Amma Imamu Malik ya bayyana a Muwaɗɗa cewa mahayi da mai ja da mai kora duk suna lamunin abin da dabba ta taka ko ta buge tana hannunsu, sai fa idan harbi ta yi ba tare da an yi mata abin da zai sa ta harbin ba. Ya kafa hujja da hukuncin Sayyidina Umar a kan wani mutum da ya sukwani doki ya take yatsan wani, jini ya yi ta zuba har mutumin ya rasu, aka ɗora wa mutanen mai sukuwar rabin diyya. A cikin Muwaɗɗa ɗin dai akwai labarin taguwar Barra'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa tsaron gona da rana na masu gona ne, ɓarnar dare kuma masu dabbobi ke biya. Mai dokin da ke barin talala sakwa-sakwa kusa da fadamar albasa ya riƙe wannan.

Ta ɓangaren dokin kansa, malamanmu sun ɗauki ɗan haya a matsayin amintacce. In doki ya mutu ko ya karye a hannunsa ba tare da ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka ba, ba ya biya. Shi ya sa sharaɗin da wasu masu doki ke so, wai ko me ya sami doki ɗan haya zai biya, malamai ba sa amincewa da shi, yana ma iya ɓata hayar gaba ɗaya. Amma ƙetare iyaka yana juya hukunci. Malik ya yi bayanin wanda ya yi hayar dabba zuwa wani wuri sannan ya zarce: mai dabba na da zaɓi, ko ya karɓi kuɗin ƙarin tafiyar ya amshi dabbarsa, ko ya karɓi ƙimarta. A nan amfanin rubutu ya fito fili. Idan ba a ambaci iyaka ba, da me za a auna an ƙetare ta?

To, ga yadda nake ganin ya kamata a bi.

Aikin yana farawa tun kafin a ɗauko biro. Mai doki ya san dabbarsa fiye da kowa: ya san ingarman da ba ya haƙuri in ya hango goɗiya, ya san wanda ke zabura da ƙarar bindigar toka, da mai cizo in an zo ɗaura majayi, da mai taurin baki wanda in ya ɗauki sukuwa sai ya ga dama yake tsayawa. Wannan sani shi ne babban abin da za a tambaye shi a gaban alƙali, kuma maƙwabta ma sun sani, za su faɗa. Saboda haka kada ya ɓoye. Ya faɗa da baki, ya kuma sa a rubuta. Na san abin da ke hana mutane: tsoron kada ciniki ya ɓaci, mai haya ya tafi gidan wani. Gara cinikin yini ɗaya ya ɓaci.

Sai gwajin mahayi. Saurayi ba ya cewa bai iya doki ba, musamman a gaban abokansa, ballantana ango. Kada a tsaya ga tambaya. A ce ya hau a nan ƙofar gida, ya tafi, ya juyo, ya tsayar, ya sauka. Daga yadda ya sa ƙafa a likkafa da yadda ya kama linzami mai doki zai gane. Wanda ya rungume ƙwacciyar sirdi da hannu biyu, wannan ba a sakar masa doki. Ko dai a ba shi tsohon doki mai sanyin hali, ko a haɗa shi da yaron barga ya riƙe ragama daga fita har dawowa, a saka ladan yaron cikin kuɗin haya. Mai doki ya tuna cewa mai ja yana cikin masu lamuni, don haka wanda zai tura ya zama babba mai hankali, kada ya zama ƙaramin yaron da doki zai fizge. Ƙaimi kuwa, ni dai ban ga dalilin da za a bar ɗan haya ya ɗaura shi ba.

Kayan doki a duba su a gaban mai haya, hannu da hannu. Majayi shi ne ran mahayi, kuma shi ne ya fi ruɓewa da gumi ba a lura ba. A ja shi da ƙarfi, a duba ɗinkinsa, a duba igiyar likkafa da inda linzami ya haɗu da ragama. Kayan ado na hawan sallah sukan rufe tsohuwar fata, ido ya ga kyau alhali ƙarƙashi ya mutu. In akwai waya mai kyamara, a ɗauki doki yana tafiya ta gaba da ta baya, a ɗauki ƙafafunsa huɗu da bayansa kafin a ɗora sirdi. Minti biyu ne, amma yana kashe gardamar ko da ɗingishinsa ya fita.

Yanzu sai takarda. A rubuta ta da Hausa, da boko ko da ajami, wanda ɓangarorin biyu suka fi ganewa. Takardar Turanci da aka kwafo daga intanet, mai ambaton dokar wata jiha a Amurka, ba ta da amfani a Jega. A fara da kwanan wata da sunayen mutum biyun da unguwanninsu da lambobin waya. A siffanta doki yadda ba za a musanya shi ba: akawal ne ko kili ko bidi, ingarma ko goɗiya, da tabon da ke jikinsa. A lissafa kayan da aka bayar ɗaya bayan ɗaya. A rubuta kuɗin haya, abin da aka biya da abin da ya saura. Sannan a zo kan iyaka, wadda ita ce zuciyar takardar: daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, daga ina zuwa ina, wace hanya za a bi, tafiya ce kawai ko an yarda da sukuwa, kuma wane ne zai hau. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, don a biki doki ɗaya sai ya zaga hannun abokan ango biyar, kowa na son a ɗauke shi hoto. A rubuta ƙarara cewa ba a yarda a ba wani ba, ba a yarda da goyo ba.

Wurin da ya shafi haɗari ana iya tsara shi kamar haka: "Ni wane, an gaya mini wannan doki yana firgita da ƙarar bindiga da hon ɗin mota. Na duba sirdi da majayi da linzami na same su lafiya. Na san doki dabba ce da ke iya tutsu ko tuntuɓe ko da babu laifin kowa, kuma in hakan ya faru ba zan nemi mai doki da komai ba. Abin da ya taso daga aibin da mai doki ya sani ya ɓoye mini, yana wuyansa. Abin da ya taso daga saɓa waɗannan sharuɗɗa, yana wuyana." Wani zai ce jimlar da ta ɗora wa mai doki nauyi ai ta rage masa kariya. Ba ta rage komai ba, don ko ba a rubuta ba haka hukuncin yake, kuma rubuta ta na nuna wa alƙali cewa ba a yi niyyar cutar kowa ba.

Idan mai haya bai iya karatu ba, kada a ce masa kawai dangwala nan. Jihohin Arewa sun gaji dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta buƙaci marubucin takarda ya sa sunansa da adireshinsa, a matsayin shaida cewa an karanta wa mutumin, an fassara masa, ya gane kafin ya dangwala. A karanta da ƙarfi a gaban shaidu biyu baligai masu mutunci, waɗanda ba yaran mai doki ba ne, su ma su sa hannu. A yi kwafi biyu, ko kowa ya ɗauki hotonta a waya. In hayar ta dawaki da yawa ce, kamar ta tawagar hawa, yana da kyau mai unguwa ya sani.

Yaro kuma sa hannunsa ba ya ɗaure shi. Duk wanda bai mallaki hankalin kansa ba, sai mahaifinsa ko waliyyinsa ya zo da ƙafarsa. Wannan shi ne wurin da na fi jin tsoro, domin yara ne suka fi son kilisa, su ne kuma ke tara kuɗi a ɓoye su zo haya ba da sanin gida ba. Mai dokin da ya karɓi kuɗin ɗan shekara goma sha biyu ya sakar masa ingarma, babu takardar da za ta cece shi, kuma bai kamata a samu ba. A shari'a ma ɓarnar yaro ga rai ana ɗaukarta kuskure ce, diyya ta koma kan danginsa, su kuwa tambayar farko da za su yi ita ce wa ya ba shi dokin.

Akwai mutum na uku da ba ya cikin takarda: mai tafiya a ƙasa, ɗan acaɓa, tsohuwa mai dawowa daga kasuwa, yaran da ke bin hawa da gudu. Su ba su sa hannu a komai ba, haƙƙinsu na nan cikakke, kuma babu wanda ya isa ya yafe shi a madadinsu. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Jega ta nufi Maiyama da Koko da Yawuri ba ta rabuwa da manyan motoci, kwalta kuma santsi gare ta a ƙarƙashin kofato. Shawarata ita ce a rubuta a takarda cewa ba a hawa kwalta sai don tsallakawa, shi ma a sauka a ja. Sukuwa a yi ta a fili bayan gari, da manya a tsaye suna kare yara. A Kano 'yan sanda sun sha fitar da sanarwar hana kilisa a tituna lokutan sallah, kuma duk garin da masu dawaki suka kasa tsara kansu, ƙarshenta hukuma ce za ta tsara su da hani. Diyyar rai cikakkiya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya. A mazhabar Malik, in kuskure ne kuma abin ya kai sulusin diyya, dangin mai laifi ke haɗuwa su biya, wanda bai kai sulusi ba daga aljihunsa. Ko an sayar da doki da sirdinsa da bargar gaba ɗaya ba za su kama ƙafar wannan ba. Shi ya sa nake ganin masu dawakin hayar gari ɗaya su buɗe asusu, kowa na zuba wani abu daga kowace haya, don ɗaukar kuɗin magani cikin gaggawa kafin a zauna maganar wa ke da laifi.

Aro ma a rubuta shi, ko da a taƙaice. Mutane na jin kunyar miƙa wa aboki ko suruki takarda, amma rigimar aro ta fi ta haya ɗaci, don zumunci take ci. Hukuncinsa kuma ya ɗan bambanta: mai aron doki ba ya biyan dokin in ya halaka ba da ta'adinsa ba, amma kayan da ake iya ɓoyewa, irin su linzami da kayan ado, in ya ce sun ɓata sai ya kawo shaida ko ya biya.

In haɗari ya faru, takarda ta jira tukuna. A fara da wanda ya ji rauni. Wanda ya faɗo da kai ko da baya kada a ɗaga shi a zaunar, kada a ɗora shi a babur, a kwantar da shi a miƙe bisa abu mai ƙarfi a kai asibiti. Aliero ta yi suna wajen ɗori, mutane na zuwa daga nesa, amma buguwar kai, da karayar da ƙashi ya huda fata, da wanda ya ce ba ya jin ƙafafunsa, waɗannan na likita ne da hoton ƙashi. Mai doki ya je dubiya a ranar, ya taimaka da abin da ya samu, yin haka ba amsa laifi ba ne. Kada ya gyara ko ya jefar da kayan da suka tsinke, ya ajiye su yadda suke. A rubuta sunayen waɗanda suka gani da ido tun ba a watse ba. In an yi rasuwa ko mummunan rauni, a sanar da 'yan sanda da mai unguwa, domin takardar haya ba ta hana hukuma bincike. In aka kai ga sulhu a gaban hakimi ko limami, shi ma a rubuta abin da aka amince, da adadin kuɗi da ranar biya, kowa ya sa hannu.

Ran da aka dawo lafiya kuma, kada a karɓi ragama a ce sai da safe. A sauke sirdi a gaban mai haya, a shafa bayan doki a ga ko ya yi gyambo, a duba gefen bakinsa inda linzami ke yanka, a zagaya da shi a ga takunsa, a ƙirga kaya. In magariba ta rufa, a haska fitila. Sannan a juya bayan takardar a rubuta cewa doki ya dawo ƙarfe kaza, lafiya, an cika kuɗi, su biyun su sa hannu, a kai shi turke a zuba masa harawa.